Daga Kanal ɗin Bunkure Zuwa Bakin Tafkin Chadi



Sharhinmu na yau a kan ruwa ne, kuma daga Bunkure za mu tashi. Duk wanda ya bi hanyar Rano cikin watan Fabrairu, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, iska na kwasar ƙura, ya san yadda ido ke hutawa da an shigo yankin nan. Ga alkama ta yi kai, ga tumatir ja wur cikin kwanduna ana jiran mota, ga albasa, ga masarar rani. Ruwan da ya yi wannan aiki daga dam ɗin Tiga yake fitowa, wanda aka gina a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, Allah ya jiƙansa. An gina Tiga ne don ya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga can babban kanal ya ɗauko shi, ya rabu reshe-reshe, ya shiga gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam, inda aka tsara kashin farko na aikin a kan hekta 22,000. Abin sha'awa, ba inji ke turo shi ba. Gangaren ƙasa ne kawai, sai ƙofofin da ake buɗewa da rufewa.

Wannan duk mun sani, kuma muna alfahari da shi. Shinkafar Kura ta yi suna, kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan ta ciyar da Legas shekara da shekaru. Tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba ita ce: kafin a datse kogin nan, ina ruwan yake zuwa, kuma su wa ke jiransa?

Ku biyo ni mu bi sawunsa. Kogin Kano yana haɗuwa da kogin Challawa a kudancin birnin Kano, su zama kogi guda, ya ratsa Wudil, ya shiga Jigawa da sunan kogin Haɗejiya. Bayan garin Haɗejiya ƙasa ta baje, sai kogin ya tarwatse ya zama rassa da tabkuna da fadamu har Nguru. Abin da ya tsira daga nan yana haɗuwa da kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos, kafin a kai Gashuwa. Daga nan sunansa Komadugu Yobe. Ya wuce Gaidam, sannan ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Nijar na tsawon kilomita fiye da 100, Damasak a wannan gaɓa, Difa a waccan, har ya faɗa Tafkin Chadi wajen Bosso da Malam Fatori. Ashe ke nan manomin Bunkure da masuncin Baga da mai noman tattasai a Difa, igiya ɗaya ce ta ɗaure su, ko da ba su taɓa haɗa ido ba.

Manomin rani bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, don a gonarsa ma haka abin yake. Wanda gonarsa ke bakin ƙofa shi ke fara sha. In ya ga dama ya cika fangalinsa har ya yi ambaliya, na can wutsiyar kanal kuma ya kwana da fitila yana jiran ɗan abin da zai iso. Shi ya sa aka kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, ake raba ranaku, ake fitowa gayyar yashe kanal, ake karɓar kuɗin ruwa. A tsarin wannan kogi gaba ɗaya, mu mutanen Kano mu ne na bakin ƙofa. Jigawa da Yobe da Borno da Difa su ne na wutsiya.

Me ya same su? Da, kowace damina kogin Haɗejiya yakan cika ya malale fadamu, sannan ya janye da kaka. Wannan zuwa da komawa shi ne arzikin mutanen can. Ruwa ya zo, a shuka shinkafa, kifi ya hayayyafa. Ruwa ya janye, a bi danshi da wake da sauran amfani, makiyayi ya sami ciyawa, rijiyoyi su cika har nesa da kogi. Da aka gama Tiga, aka ƙara da dam ɗin Challawa a yankin Ƙaraye cikin 1992, sai tsarin ya juye. Ambaliyar damina ta ragu, ruwa kuma ya daina yankewa da rani, domin ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda gonaki da famfunan Kano. Wani zai ce ai wannan alheri ne. To, ciyawar kacala ce ta fi kowa cin moriyarsa. Ita ba abin da take so irin ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa. Ta bi rassan kogin ta toshe su, yashi ya taru a gindinta, ruwa ya rasa hanya. Wasu ƙauyuka a wajen Marma da Nguru ruwa ya ci gonakinsu ya ƙi tafiya, wasu kuma a kan tsohuwar hanyar kogin suka wayi gari ba ko ɗigo. Tsuntsayen jan-baki suka sami maɓoya cikin kacalar, suna tashi su afka wa gero da shinkafa.

A shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, sun zauna sun yi lissafi. Suka haɗa abin da fadamun Haɗejiya da Nguru ke bayarwa na noma da kifi da itace, suka kwatanta da abin da noman rani na Kano ke bayarwa, bisa yawan ruwan da kowanne ke sha. Sakamakon bai yi mana daɗi ba: fadamun sun fi riba nesa ba kusa ba. Ban kawo wannan don in ce a rufe Tiga ba. Wanda ya ce haka bai san yawan bakin da ke ci daga kanal ɗin nan ba, daga mai gona zuwa ɗan ƙwadago zuwa matan da ke turara shinkafa. Na kawo shi ne don mu san cewa ruwan da muke bari ya malale a banza, ta kanal da ya fashe ko ƙofar da aka manta a buɗe, akwai mai shi a gaba. Gyaran da aka yi wa kanalolin nan a ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya ya rage ɓarna ƙwarai. Saura a ga ko za mu iya riƙe gyaran, tunda masu ba da bashi ba za su dawwama a nan ba.

Kuma a yi adalci, kada wani ya ɗora wa Tiga laifin ƙafewar Tafkin Chadi. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da ke shiga tafkin daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, ta Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Chadi. Abin da ya karya tafkin fari ne, na farkon shekarun 1970 da na 1984. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, a tsakiyar shekarun 1980 kuwa bai kai 2,000 ba, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Rabon Komadugu Yobe a ciki ɗan kaɗan ne. Sai dai wannan ɗan kaɗan ɗin yana faɗawa ne a ɓangaren arewa na tafkin, wanda ya fi saurin bushewa, inda Najeriya da Nijar suke maƙwabtaka. Ga mutanen can, shi ne kogin da suke da shi.

Shugabanninmu na farko sun hango wannan tun da wuri. Ranar 22 ga Mayu 1964, a birnin Fort Lamy da yanzu ake kira Injamena, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da Diori Hamani na Nijar da Ahmadu Ahijo na Kamaru da Tombalbaye na Chadi suka kafa Hukumar Tafkin Chadi. Ƙasashe huɗu masu gaɓa da tafki ɗaya suka yarda cewa ba wadda za ta yi wani babban aiki a kan ruwan ba tare da ta sanar da 'yan uwanta ba. Daga baya Afirka ta Tsakiya da Libiya suka shigo. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar mai mazauni a Yamai. A watan Yulin 1990 kuma, a Maiduguri, ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar raba ruwan koguna huɗu da suka haɗa su, ciki har da Gulbin Maraɗi, wanda aka datse a Jibiya, da kuma ƙarshen Komadugu Yobe. A 2012 Hukumar Tafkin Chadi ta amince da kundin dokokin ruwa. A cikin gida ma, jihohi shida da kogin ya shafa, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Borno, sun haɗu a Damaturu cikin 2006 suka kafa asusun kula da shi.

Kun ji dai, takarda ba ta yi mana ƙaranci ba. Amma a tambayi manomi a Gaidam ko a Difa ranar da za a saki ruwa daga Tiga ko Challawa, da yawan da za a saka. Ba wanda ya gaya masa. Sai dai ya ga kogi ya cika ko ya ga ya janye. Rikicin dam ɗin Kafin Zaki ma ya isa misali. Shekaru da dama Bauchi na neman a datse kogin Jama'are don noman rani irin namu, Yobe da Borno na cewa in aka yi haka an yanke musu jijiya, domin tun da kacala ta toshe Haɗejiya, galibin ruwan da ke isa Gashuwa na Jama'are ne. Kowane ɓangare na da hujja, kuma har yau ba a gama aikin ba, ba a kuma binne maganar ba. In jihohin da ke ƙarƙashin tuta ɗaya sun kasa daidaitawa a kan kogi ɗaya, da wane baki za mu je Injamena mu yi wa wasu wa'azi?

Yanzu bari mu zo kan tsaro, don na san shi ne ya fi damun mai sauraro. Lokacin da tafkin ya ja baya, mutane binsa suka yi. Masunta da manoma, cikinsu har da Hausawa masu yawa daga ƙasar Kano da Sakkwato da Kabi, suka riƙa kafa tunga a inda da ruwa ne. Ba wanda ya tsaya tambayar inda iyaka take, tunda iyakar a cikin ruwa aka zana ta. A 1983 sojojin Najeriya da na Chadi suka gwabza a kan wasu tsibirai. Garin Darak kuwa, 'yan Najeriya ne suka cika shi, da makaranta da 'yan sanda, har Kotun Duniya ta yanke hukunci a watan Oktoban 2002 cewa ƙasar Kamaru ce, aka miƙa ƙauyuka fiye da 30 a ƙarshen 2003. Babban aikin noman rani na kudancin tafkin, a wajen Marte, wanda aka yi wa buri fiye da namu na Kano, ruwa ya gudu ya bar kanalolinsa a tsaye. Wuri ne mai kifi da dukiya, amma hukuma ta yi nisa, ba asibiti, ba alƙali, ba wanda zai raba gardama tsakanin masunci da makiyayi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ban ce ƙarancin ruwa ne ya haifi Boko Haram ba, asalinta daban ne. Amma da ta nemi mafaka, tsibiran nan ta samu, ta kuma sami harajin kifi da na tattasai da na kiwo.

Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin ta samo asali tun shekarun 1990, don maganin 'yan fashin kan iyaka. A watan Janairun 2015 'yan ta'adda suka ci sansaninta na Baga. Wannan kunya ce ta sa aka sake mata fasali, aka mai da hedikwatarta Injamena, Jamhuriyar Benin ta shigo. Kuma ta yi aiki. Wanda ya tuna yadda sojojin Chadi da Nijar suka ƙwato Damasak a wannan shekara ba zai raina amfanin maƙwabci ba. Sai dai yaƙin ya zo wa talaka da nasa nauyin. A jihar Difa an kwashe mutane daga tsibirai, an hana kamun kifi da cinikinsa, an hana safarar tattasai na wani lokaci, an taƙaita takin zamani, duk don a toshe wa maƙiya hanyar kuɗi. Saurayin da aka raba da komarsa da gonarsa, aka ajiye shi a bakin titi yana jiran buhun agaji, ba sai na faɗa muku wanda ke zawarcinsa ba.

Sai kuma siyasa ta shigo. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar, wadda ita ce mafi yawan wutar da ƙasar ke amfani da ita. An janye takunkumin a farkon 2024, amma zuciya ta riga ta ɓaci. Nijar ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, sannan a watan Maris na 2025 ta ba da sanarwar janye sojojinta daga rundunar haɗin gwiwa. Ra'ayina a kan yanke wutar nan shi ne an yi gaggawa, kuma ga dalilina. A kan kogin Kwara, mu ne na wutsiya. Ruwan da ke juya injinan Kainji da Jebba ta Nijar yake biyowa. An daɗe ana fahimtar cewa wutar da muke ba su tana cikin abin da ke sa su sassauta wajen datse kogin. Ga shi suna gina nasu dam a Kandaji, arewa da Yamai. A kan Binuwai ma haka ne: duk shekarar da Kamaru ta buɗe ƙofofin Lagdo, Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi ba sa barci, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022, dam ɗin Dasin Hausa da ya kamata ya tare ruwan kuma ba mu gina ba. Ƙasar da take ƙasa a kan manyan kogunanta biyu, ita ya fi kamata ta nuna cewa ba a wasa da ruwa da wuta don huce haushin siyasa.

Akwai inda aka gwada haka aka ga amfaninsa. A 1972 Mali da Muritaniya da Senegal suka kafa hukuma guda a kan kogin Senegal, Gini ta shigo daga baya. Dam ɗin Manantali a cikin Mali yake, na Diama kuma a bakin teku tsakanin Senegal da Muritaniya, amma dukkansu mallakar ƙasashen ne tare. Tare suka ci bashin, tare suke raba wuta da ruwa bisa lissafin da aka yarda da shi. A 1989 Senegal da Muritaniya suka yi mummunan rikici, aka kashe mutane, aka kori dubbai, aka yanke hulɗar jakadanci, amma hukumar kogin ba ta rushe ba. Su ma suna da nasu kurakuran, manoman fadamar can sun yi kuka irin na mutanen Nguru. Abin ɗauka shi ne sun gina abin da fita daga cikinsa asara ce ga kowa.

Mu kuwa, duk lokacin da aka taru a kan Tafkin Chadi, maganar da ke cika zauren ita ce ta jawo ruwa daga kogin Kwango. A taron Abuja na watan Fabrairun 2018 an rungumi shirin da ake kira Transaqua, kanal mai tsawon kilomita 2,400, da kuɗin da aka ƙiyasta ya kai dala biliyan 50. Mutanen Kwango, masu ruwan, sun ce ba da su ba. Ni ban hana kowa mafarki ba. Amma abin mamaki ne a ce wanda bai iya cire kacala daga reshen kogi a Guri ba, shi ne zai haƙa kanal ya ratsa dajin Afirka ta Tsakiya, inda ita ma bindiga ba ta yi shiru ba.

Abin da ke hannunmu ya fi wannan araha, kuma ba ya jiran sulhun Abuja da Yamai. Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, take kuma riƙe da makullan Tiga da Challawa, tana iya fitar da jadawalin sakin ruwa na shekara, a karanta shi a gidajen rediyon Kano da Dutse da Damaturu, da Hausa da Barbarci da Fulatanci, a kuma aika wa hukumomin Difa. A gyara ma'aunan ruwa da ke Wudil da Haɗejiya da Gashuwa, a riƙa faɗin abin da suka nuna kamar yadda ake faɗin farashin hatsi. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa a tsakiyar damina don fadamu su sha, a kuma rage shi na ɗan lokaci da rani don kacala ta ji jiki. Wannan zai taɓa mu a nan, domin dole a zauna a daidaita shi da lokacin shukar alkama da dashen tumatir. To, a zauna ɗin. Shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na Bunkure da Kura da Garun Malam su nemi kujera a wurin, a kira sarkin ruwan Nguru, a kira wakilin makiyaya, a kira na manoman tattasai daga ƙetaren Komadugu. Gwamnonin jihohi shidan nan kuma, da 'yan majalisar da muka tura Abuja, a tambaye su nawa aka zuba a asusun Damaturu bana, kuma kilomita nawa na kogi aka yashe da shi.